Koriyar Leda

Safar hannu injin ya kama, ba hannun ba. Amma kafin in gane haka, raina ya riga ya tafi ya dawo.

Ina zaune a teburin gam ina naɗe kwalayen kek na Bikin Wata, sai na ji injin yankan kwali ya canza murya. Wanda ya shekara ashirin da shida a gidan ɗab'i ba sai an gaya masa ba. Injin nan baki gare shi kamar na kada, yana buɗewa yana rufewa. Ka sa kwali da dama, ka zare da hagu, shi kuwa ba ya jiran kowa. Ranar sai ya yi wani gurnani irin na wanda ya tauna abin da ba a ba shi ba. Na ɗaga kai na ga 'yata Wanru tsaye, ta danne hannunta na dama a ƙirji, farar safar tana lilo a leɓen ƙarfen.

Ban san lokacin da na tsallake tarin kwali ba. Na fizgo hannun na buɗe shi da ƙarfi, ina ƙirga yatsun a fili kamar ranar da na haife ta. Farcen yatsan zobe ne ya tsage, jini kaɗan yana tsattsafowa, shi ke nan. Na sake ƙirgawa, suka sake cika biyar.

"Mama, sake ni mana. Mutane na kallo."

"Su kalla. Su suka haife ki?"

Ta yi dariya. Shekararta ashirin da tara, saura wata biyu bikinta da wani direban bas mai yawan kunya, kuma duk layinmu babu wanda ya fi ta sauri a kan wannan inji.

Yaya Jinfa, wan mijina kuma mai gidan ɗab'in, ya fito daga ofis da gilashinsa a goshi. Sai da ya leƙa bakin injin ya tabbata wuƙar ba ta lanƙwashe ba, sannan ya juyo ya tambayi yarinyar ko lafiya. Ya ce a sa mata filasta, ya kuma tuna mana cewa saura kwana tara a zo ɗaukar kwali dubu arba'in. Mijina Kunshan yana can ƙuryar da yake haɗa tawada. Bai matso ba. Na dai ga ya sa hannunsa na dama a aljihu, ya daɗe bai fito da shi ba.

* * *

Hannun da ke cikin aljihun yatsu uku gare shi. Shekara goma sha huɗu ke nan, a kan wannan injin, a irin wannan lokaci na gaggawar biki. Yaya Jinfa ne ya naɗe hannun da tawul ya sa shi a mota, kuma kafin su kai asibiti ya riga ya koya wa ƙanensa karatun: faɗuwa ya yi a babur, mota ta bi ta kan hannun. Likitan ya dubi yankan, wanda ya tafi ɗoɗar kamar an ja layi da rula, ya dubi fuskokinsu, sannan ya rubuta abin da aka gaya masa. Ni na wanke injin washegari.

Dalilin ƙaryar yana rataye a bangon ofis, allon tagulla ne daga Ƙungiyar masu ɗab'i da kwali, mai shaida cewa ba a taɓa samun haɗari a gidan nan ba. Kowace shekara a wajen liyafar Ƙungiya, bayan kwano goma na abinci da waƙe-waƙen tsofaffin da giya ta kama, sai a ƙara wa allon shekara ɗaya a yi tafi. Manyan kamfanonin abinci ba sa ba da aiki sai ga mai allon. Masu binciken gwamnati ma in sun ga sunanka a jerin Ƙungiya, sai su wuce gidan gaba. Saboda haka a Zhonghe, unguwarmu, ba a jin ciwo a wurin aiki, a kan babur ake ji. A layinmu kaɗai na san mutum shida da babur ya cinye wa yatsu, kuma biyu daga cikinsu ba su taɓa hawan babur ba.

Ba zan yi wa Yaya Jinfa ƙazafi ba, abin ya dame shi. Ya ba mu benen da ke saman ma'aikata muka zauna kyauta, ya mai da Kunshan wajen tawada. Sannan ya sa wa injin ido, wani zaren haske da ke gitta bakinsa, da hannu ya shiga sai injin ya tsaya cak. Na tuna ranar da mai haɗawar ya nuna mana wata 'yar fitila a kafaɗar injin, ya ce in tana kore idon yana gani, in ta koma ja idon ya makance, kada kowa ya matsa kusa. Kunshan yakan ce cikin raha yatsunsa biyu ne suka sayi idon nan. Da babu shi, da ban yarda Wanru ta tsaya a wurin ko na yini ɗaya ba.

To, mai hankali da ya ga safar nan tana lilo, abin da zai fara tambaya shi ne me ya hana idon aiki. Ni kuwa, kunya ko ba kunya, leda na fara tunawa.

Kowane inji a gidanmu da tasa koriyar ledar gugguru mai ɗanɗanon kwakwa, manne a jikinsa da salatif don sa'a, kamar dai yadda take a kan na'urorin banki da na asibiti da duk inda ake son ƙarfe ya yi ladabi. Kada a tambaye ni wa ya fara. Dokokin dai ko yaro ya sani: koriya ake sawa ba rawaya ba, ba a fasa ta, ba a taɓa ta wani, kuma ba a barinta ta wuce ranar da aka buga a jikinta. Ledar da wa'adinta ya wuce ta fi babu muni. Ta injin yanka kuwa Yaya Jinfa da kansa yake canza ta, ya ce wannan injin mai zafin rai ne, hannun mai gida kaɗai yake ji.

Da tsakar rana, kowa ya fita bakin ƙofa da kwalin shinkafarsa, na jawo kujera na hau na sa tabarau. Ranar da ke jikin ledar ta wuce tun watan biyar, ga mu a watan tara. Yaya Jinfa ya shagala da neman kujerar mataimakin shugaban Ƙungiya, ya manta. Na ce a raina, ashe ga dalili. Na sauko na ruga kantin bakin layi da silifas, na sayo sabuwa, sai da na duba ranarta sau biyu a gaban mai kantin. Ina dawowa ina jin daɗi kamar wadda ta gano maganin ciwon da ya gagari likitoci.

Salatif ya fi ƙarfin abin da leda ke buƙata. Sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa, har ya zama kamar fata. Na sa farce na ɗaga gefe ɗaya. A ƙarƙashin ledar, 'yar fitilar nan tana ci, ja wur.

Na daɗe tsaye a kan kujerar. Shekara nawa ina wucewa ta gaban injin nan, ban taɓa tambayar kaina ina fitilar ta shiga ba. Ido ya saba da ganin kore a wurin, sai ya ƙyale.

"Mayar da ita yadda kika same ta, Mama."

Wanru ce a bayana, da kwalin shinkafarta a hannu. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce shekara uku. Wani abu ne ya ƙone a ciki, Baffa ya ce sai an yi odar sa daga Japan, zai ɗauki wata biyu, kuma sai an tsai da injin mako guda. Ya sa aka zagaye wayar idon don injin ya ci gaba da aiki, ya ce bayan biki za a gyara.

"Wane bikin?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Na Wata. Sai na Sabuwar Shekara. Sai na Wata kuma."

"Ubanki ya sani?"

"Shi ya riƙe wa Baffa salatif ɗin."

Muka ji tarin Yaya Jinfa a bakin ƙofa. Na danne tsohuwar ledar ta koma mazauninta, na cusa sabuwar a aljihun rigar aikina, na sauko ina ɗaukar tsumma kamar mai goge ƙura.

* * *

Da yamma na dafa kifi da miyar tushen gora, na bari sai da kowa ya ɗauki tsinken cin abincinsa sannan na buɗe baki. Kunshan da hagu yake cin abinci tun wancan lokaci, kuma har yau kifi yana ba shi wahala. Bai musa ba. Ya ce Yaya ya yi masa alkawari wannan karon da gaske ne, da zarar kwalayen nan sun fita. Ya ce Wanru ba irinsa ba ce, ita tana da natsuwa, shi ranar bai yi barci ba ne. Ya ce rufin da ke kanmu na wane ne, in tuna.

Na ce na tuna. Na ce ina kuma tune da abin da na kwashe da tsumma daga bakin injin nan, wanda shi bai gani ba don yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa.

"A-Lian, ɗan'uwana ne," ya ce a hankali. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Naka dai an yanke an yar."

Ban taɓa gaya masa magana mai zafin wannan ba, kuma na yi nadama tun kafin ta gama fita. Ya ajiye tsinken, ya zuba wa kwanonsa ido.

Wanru ce ta karɓe, kuma ba bayana ta bi ba. Ta ce in na kira ofishin ƙwadago, kafin la'asar kowa ya san ni ce. Gaskiyarta ne. Ƙasarmu ƙaramin tsibiri ne, sana'armu ta fi ta ƙanƙanta. Mai sayar mana da takarda surukin ma'ajin Ƙungiya ne, mai gyaran inji abokin karatun Yaya Jinfa ne. Ƙarar ɓoye a cikinmu kamar tusa ce a ɗakin mutum biyu. Ta ce wanda aka sa wa sunan mai kai ƙara, daga nan har kudancin tsibirin babu gidan ɗab'in da zai ɗauki 'yarsa, ita kuwa wannan aikin ta iya, kuma tana son sa. Ta ce kwana tara ne kawai, za ta kula.

Na dubi filastar da ke yatsanta. A wannan yatsan za a sa zobe nan da wata biyu.

Washegari na sami Yaya Jinfa shi kaɗai a ofis, na yi masa magana da ladabin da ya kamaci matar ƙane. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma Wanru 'yarsa ce, zai so ya ga abin da zai same ta? Ya ce in injin ya tsaya mako guda yanzu, kamfanin kek zai tafi, in ya tafi mutum goma sha ɗaya ne za su rasa abinci, har da mu. Ya rantse bayan biki. Sannan ya miƙo mini kwalin kek mai gwaiduwa biyu, ya ce in kai sama. Na karɓa na yi godiya, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Kwana uku na yi ina naɗe kwali da hannu, kunnena yana wajen injin. Duk rufewar bakin nan sai na ɗaga kai. Sau ɗaya na ɗauki waya har na danna lamba huɗu, na ajiye. Sabuwar ledar tana nan a aljihuna, in na sunkuya sai ta yi ƙara.

* * *

Ranar Alhamis 'yan duba na Ƙungiya suka zo, kamar yadda suke zuwa kowace shekara kafin a sabunta allo. An share ko'ina, an fito da tukunyar kashe gobara daga bayan tarin takarda, an raba wa kowa sabuwar hula. Mutum biyu ne. Ɗaya Sakatare Tu, tsoho mai ƙaton ciki da zoben dutse, wanda shi da Yaya Jinfa suke kamun jatan lande tare duk Lahadi. Dubansa bai wuce shan shayi da tambayar lafiyar iyali ba. Ɗayar kuwa baƙuwa ce, Injiniya Weng, 'yar siririya mai gajeren gashi, wadda Ƙungiya ta ɗauka bana saboda gwamnati ta ce dole a riƙa tafiya da mai takardar ilimin inji. Gida goma sha biyu za su zaga a ranar, Sakatare Tu yana ta duba agogo.

Ta bi injinan da takardarta tana sa alama. A gaban injin yanka ta tsaya, ta duba ƙasa, ta duba birki, ta ɗaga kai ta ga babu wata jar fitila, ta ga koriyar leda a ɗaure, har ta yi ɗan murmushi. Alƙalaminta ya sauka a kan takarda. Sakatare ya ce to madalla, a zo a yi hoto don mujallar Ƙungiya.

Ni aka sa kawo shayi. Ina ajiye faranti kusa da jakarta, sai na ga akwatin na'urar awonta a buɗe, an ɗaure masa 'yar koriyar leda da roba. Injiniya guda, da digirinta. Ban shirya komai ba, na rantse. Hannuna ne kawai ya shiga aljihu.

"Yaya, ka yi haƙuri," na ce, da muryar da nake gaishe shi ranar Sabuwar Shekara. "Ina goge ƙura na ga ledar injin yanka ranarta ta wuce tun watan biyar. Na san ayyuka sun yi maka yawa. Ga sabuwa na sayo."

Na miƙa ta da hannu biyu.

Fuskar Yaya Jinfa ta koma kalar kwalin da ba a buga ba. Ya ce ya gode, in ajiye, zai canza an jima. Amma maganar ta riga ta shiga kunnen da ba ta fita. Sakatare Tu mutum ne da ba ya aske gashi sai ya duba kalandar ranaku masu kyau. Ya ajiye kofinsa har shayi ya fantsala.

"Watan biyar? Kai Jinfa, kana da hankali kuwa? A kan injin yanka?" Ya karɓe ledar daga hannuna. "Wata huɗu kana aiki da matacciyar leda, ga ka kana neman kujera. Ai ko sa'arka ma ta tsiyaye ta nan."

"Babban Yaya, bari sai kun tafi. Kada in ɓata muku lokaci," in ji Yaya Jinfa.

"Wane lokaci? Ba na barin gidan nan da wannan a sama. Ni zan canza maka da hannuna, albarkar Ƙungiya ke nan. Weng, ɗauki hoto, wannan ya fi na tsayuwa a layi."

Aka kawo masa kujerar da na hau. Ya hau da ƙyar, mutum biyu suna riƙe da shi. Ya juyo ya yi wa kyamara murmushi, ya kama tsohuwar ledar ya fizge da salatif ɗinta gaba ɗaya. Wayar Injiniya Weng ta yi ƙyas.

Fitilar tana ci kusa da kunnen Sakatare, shi kuwa bai daina murmushi ba sai da ya ga inda idon kowa yake. Da ya waiga, ya dubi fitilar, ya dubi abokinsa, na ga yana lissafi a ransa. Ya ce wataƙila ƙwan ne ya rikice, waɗannan ƙananan fitilu ba su da tabbas.

Injiniya Weng ta ce zai yiwu. Ta ce a tayar da injin. Wanru ta dubi baffanta, sannan ta danna maɓalli. Injiniya Weng ta ɗauki kwali ta nannaɗe shi ya yi kaurin tsintsiyar hannu, ta tura shi daidai inda hasken ya kamata ya gitta. Bakin ya rufe a kansa. Rabin ya faɗi ƙasa a gaban takalminta, rabin ya rage a hannunta.

Ta tambaya tun yaushe. Yaya Jinfa ya ce makon jiya ne, har ya kira mai gyara. Ta dubi tulin salatif ɗin da ke manne a ledar, ta dubi Wanru. 'Yata ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki, amma aka riga ni.

Kunshan ne ya taho daga ƙuryarsa, da tawada shuɗiya a rigarsa. Shekara goma sha huɗu ban ga ya fito da hannun nan a gaban baƙo ba, ko gaisawa da kai yake yi. Ya zaro shi ya shimfiɗa a kan takardar Injiniya.

"Shekara uku ne, Malama. Ni na riƙe salatif ɗin." Muryarsa ba ta tashi ba. "Wannan kuma tun kafin a sa idon ne. Ban taɓa faɗuwa a babur ba."

Bai dubi wansa ba, ni ma bai dube ni ba. Wanru yake kallo.

Injiniya Weng ta rubuta. Ta fito da wata takarda mai ruwan ɗorawa ta manna a kan maɓallin injin, ta ce a bisa sabuwar ƙa'ida kwafin rahoton zai wuce ofishin ƙwadago, hoton ma ya riga ya shiga. Da Wanru ta kashe injin, sai na ja da baya. Na zauna a kan tarin kwalayen mutane, abin da ake korar ma'aikaci a kansa, na yi ta shaƙar numfashi kamar wadda ta sauke buhu. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, irin wanda ban ji ba tun ranar da likita ya ce Kunshan zai tashi.

Sakatare Tu yana fita ya tsaya a gabana, ya ce, "Ƙanwata, ke ba ki san abin da ke ƙarƙashi ba, ko?"

"Ni? Gam kawai na sani, ranka ya daɗe."

* * *

Abin da aka ce sai Japan, sai wata biyu, daga Taichung, nan cikin ƙasarmu, ya zo cikin kwana huɗu, a bayan wata 'yar farar mota. Gyaran yini ɗaya ya ci. Sauran kwalayen an yanka su a gidan maƙwabcinmu, kamfanin kek bai ma san an yi ba. An ci Yaya Jinfa tara, ya janye daga takara, ya ce hawan jini ne. Ba ya amsa gaisuwata, in zai ba ni aiki sai ya gaya wa bango. Bai ce mu tashi daga benen ba tukuna, mu ma ba mu tambaya ba.

Ƙungiya ta zauna a kan maganar. Suka gano cewa bana dai babu wanda ya ji ciwo, na da kuwa ya daɗe, kuma takardar asibiti babur ta ce. Allon yana nan a bango. An ce a liyafar bana ma za a ƙara masa shekara.

Wanru ta yi kwana biyar ba ta yi mini magana ba. A na shida ta ajiye mini kofin shayi mai ƙanƙara a teburin gam, ta fara mita cewa yanzu injin ya zama sarkin tsoro, ko ƙuda ya gitta sai ya tsaya, yau sau goma sha ɗaya ya katse mata aiki. Na ce sannu. Ban gaya mata cewa ni ma ina ƙirgawa ba, kuma duk tsayawar sai na ji kafaɗuna sun sauka.

Ranar bikin muka fito da murhu bakin ƙofar ma'aikata kamar kowa a layin, hayaƙin nama ya cika ko'ina tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Direban bas ɗin ya zo, yana ta ƙona masara yana ba da haƙuri. Wanru ta ɓare ƙaton lemon biki, ta kifa wa ubanta ɓawon a ka kamar yadda yake yi mata tana ƙarama. Ya bar shi a wurin. Kujerar da muka ajiye wa Yaya Jinfa ba wanda ya zauna a kai.

Can sai Kunshan ya sa hannu a ƙarƙashin kujerarsa ya jawo wani abu. Tsohuwar ledar ce, da guntun salatif a jikinta. Ashe shi Sakatare ya miƙa wa ranar, ya kuwa adana.

Na ce ba a ci, ya sani.

"Ta gama aikinta," ya ce. "Ina so in ji me muke ta bauta wa."

Ya kama gefe ɗaya da hagu, ya nemi ɗaya gefen da dama, ledar ta zame. Ya sake gwadawa ta sake zamewa. Zai kai ta baki ke nan, Wanru ta miƙo hannu ta karɓa, ta kama ta gefe da gefe ta ɓarke ta a take. Na bi yatsunta da ido ɗaya bayan ɗaya, wannan karon a zuci.

Ta miƙa masa. Ta rabin ƙofar da aka bari a buɗe ana hango 'yar fitilar injin, koriya, da allon tagulla yana ƙyalli a bangon ofis. Kunshan ya zura yatsunsa uku a ledar, ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

"Ya yi laushi," ya ce.